Tambayi Likita: Ciwon Ɓarin Kai da Zuwa Sashen Gaggawa

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan, da yawansu a kan abu guda suke, wato ciwon ɓarin kai, wanda a asibiti ake kira maigiren, da kuma abin da ke faruwa idan ya yi tsanani har aka kwashi mai shi zuwa sashen gaggawa. Na zaɓi guda biyar na rage musu tsawo, na kuma cire sunayen masu su da na asibitocin da suka ambata, kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 34, kuma tun ina budurwa nake fama da ciwon kai na ɓari ɗaya. A watan jiya ya kama ni ranar Talata da la'asar, har safiyar Asabar bai sake ni ba, kuma duk abin da na sa a baki sai ya dawo, har ruwa. Maigidana ya kai ni sashen gaggawa na wani asibiti, na yi kusan awa uku a kan benci ƙarƙashin fitila mai kashe ido, ana ta wucewa da waɗanda suka zo a bayana. Da aka zo kaina sai aka sa mini ƙarin ruwa, aka yi mini allurar da nas ta ce ta tsayar da amai ce. Ba zan ɓoye ba, ciwon ya sauka, amma na ji wani irin rashin natsuwa kamar in fizge robar in gudu. Me ya sa ba a ba ni maganin ciwo na gaske ba? Ko raina ciwon nawa aka yi? *Malamar makaranta, Zariya.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Bari in fara da abin da ya fi ci miki rai. Allurar da aka yi miki ita ce maganin na gaske, kuma da ni ne a bakin aiki a wannan safiya, da wuya in fara da wata ba ita ba. Nas ɗin ba ta yi miki ƙarya ba, sai dai rabin labarin ta ba ki. Daga bayaninki ina kyautata zaton metokulofuramid ce, wadda a Nijeriya aka fi sani da Maxolon ko Plasil, a Nijar kuma Primpéran, ko kuwa 'yar'uwarta furokulofirazin, wato Stemetil. Asalinsu domin tashin zuciya aka yi su, amma likitoci sun daɗe da gano cewa idan aka ba da su ta jijiya suna kwantar da ciwon ɓarin kai shi kansa, domin suna tare aikin wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, wanda ke da hannu a tashin ciwon. A shekarar 2016 ƙungiyar likitocin ciwon kai ta Amurka ta bi diddigin gwaje-gwajen da aka yi a sassan gaggawa ta fitar da ƙa'ida, kuma waɗannan allurai biyu, tare da sumatiriftan da ake yi a ƙarƙashin fata, su ne ta sa a sahun gaba. Mofin da irinsa kuwa, waɗanda jama'a ke ɗauka su ne manyan magungunan ciwo, cewa ta yi kada a fara da su.

Dalilin da ya sa ƙwayoyin da kika sha a gida suka ƙi aiki shi ne, idan maigiren ya kankama, tumbi yakan yi sanyin aiki, abin da aka haɗiye ya zauna a cikinsa bai gangara hanji ba, alhali a hanji ne magani ke shiga jini. Ƙwayar tana nan zaune har amai ya zo ya fito da ita. Shi ya sa muke cewa a sha magani tun ciwon yana ƙarami, a cikin awa ta farko, shi ya sa kuma a asibiti ake bi ta jijiya a tsallake tumbin gaba ɗaya. Ƙarin ruwan da aka sa miki ba shi ne ya kashe ciwon ba; maye gurbin abin da kika zubar a kwana huɗu ya yi, kuma kina bukatarsa.

Zuwanki asibiti daidai ne, har ma kin makara. Maigiren na yau da kullum yakan ɗauki daga awa 4 zuwa awa 72. Wanda ya zarce kwana uku bai lafa ba, ko wanda ya hana mutum riƙe ruwa a ciki, ya wuce aikin gida, kuma naki ya haɗa duka biyun.

Maganar jira kuwa fuska biyu gare ta. Sashen gaggawa ba layin gidan mai ba ne da za a ce wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. Ana tantance marasa lafiya ne bisa wanda ransa ya fi kusa da haɗari, don haka wanda babur ya kaɗe yana zubar da jini, da yaron da ke jijjiga, da tsohon da numfashinsa ke sarƙewa, dole su wuce ki ko da kin riga su da awa biyu. Wannan ita ce fuska ta farko, kuma ba ni da abin da zan canza a cikinta. Fuska ta biyu ita ce wadda mu ma'aikata ba ma son faɗa: ciwon da ba ya nuna jini, ba ya nuna zazzaɓi, gwaji kuma ya fito lafiya lau, yana da saurin rainuwa a idon wanda ya kwana a tsaye. A shekarun da na yi ina aikin dare na sha ganin mace a ƙarshen benci ta tamke kanta da ɗankwali har ya yi shata a goshi, ta lulluɓe fuska da mayafi, warin man zafi na tashi daga jikinta, roba a gaban ƙafafunta, ba ta cewa uffan domin maganar ma sara mata kai take yi. Ita ce aka fi mantawa da ita, saboda ba ta da ƙarfin yin hayaniya. Ban ce an raina ki ba, tunda ban kasance a wurin ba, amma ban ga laifinki ba da kika ji hakan.

Abin da zai rage miki wannan wahala nan gaba shi ne ki rubuta takarda guda tun kina da lafiya, ki ajiye ta tare da katin asibiti. Ki sa sunan ciwon da shekarar da likita ya tabbatar da shi, da magungunan da kike sha kullum har da na tsarin iyali, da duk wani ciwo da kike da shi kamar gyambon ciki ko hawan jini ko ciwon suga ko na ƙoda, da allurar da ta taɓa yi miki aiki da wadda jikinki ya ƙi. Ranar tafiya sai maigida ya ƙara a ƙasa lokacin da ciwon ya fara, da abin da kika sha, guda nawa, da ƙarfe nawa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin likitan da bai san kin sha Cafergot, ƙwayar ciwon ɓarin kai, da asuba ba zai iya ba ki sumatiriftan, alhali ba a haɗa su a cikin awa 24, wanda kuma bai san kin riga kin sha ibufurofen sau uku ba zai iya ɗora miki allurar dikulofenak a kai. Maigida ne zai yi magana a teburin tantancewa, kuma jumla ɗaya ta ishe shi: tana da maigiren, yau kwana huɗu, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Ki tafi da baƙin tabarau da mayafi mai kauri. Idan kuma wani abu sabo ya bayyana kuna zaune, ya tashi ya sake faɗa nan take, kada ya jira a kira ku.

Rashin natsuwar da kika ji sananniyar illa ce ta waɗannan allurai, ba taɓin hankali ba ne, ba kuma alamar an yi miki kuskure ba. Takan ragu sosai idan aka zuba maganin a cikin ruwa aka bar shi ya ɗiga a hankali na kamar minti 15 maimakon a tura shi lokaci guda, kuma akwai maganin da ke kwantar da ita idan ta taso. Akwai wata illar da ta fi wannan ban tsoro a ido, wadda ta fi samun matasa: wuya ya murɗe, idanu su kafe sama, harshe ya yi nauyi ko ya fito. Dangi da yawa sukan ɗauka iska ce ta taɓa mara lafiya su nemi fita da shi, alhali allura guda ke warware ta cikin 'yan mintoci. Ki rubuta abin da ya same ki a takardar nan. Ki kuma tambayi likita game da dekzametason kafin a sallame ki nan gaba, domin ba da shi sau ɗaya yana rage dawowar ciwon a cikin kwana uku na farko, ko da yake ba abin maimaitawa ba ne kowane wata, kuma yana ɗaga suga ga mai ciwon suga.

Tambaya: Likita, iyalina tana da wannan ciwo, yakan tashi mata sau biyu ko uku a wata. Tsakaninmu da asibiti akwai tazara, ba ni da mota, kuma galibi da dare yake tsananta. Wani lokaci in kai ta a ce mini babu komai, wani lokaci in bar ta a gida amma in kwana ban runtsa ba. Yaya zan gane daren da dole mu tafi? *Wani magidanci, Sakkwato.*

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan kulawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan ciwo babu wanda ya kai uwargida sanin yadda nata yake zuwa, sai kai da kake ganinta. Tambayar da za ka yi mata ita ce: wannan irin wanda kika saba ne, ko dabam yake? Idan ta ce shi ne dai, ya taso a hankali, yana bugawa a ɓari ɗaya, haske da ƙara suna damunta, zuciyarta na tashi, amma tana gane ka, tana magana daidai, jikinta babu zafi, tana iya riƙe ruwa, to ɗaki mai duhu da maganinta da barci sun fi mata tafiyar dare a bayan babur. Idan ta ce wannan dabam ne, ka ɗauki maganarta da nauyi ko da ba ta iya bayyana maka bambancin ba, domin mai maigiren ma yana iya kamuwa da duk wani ciwon kai da ke kama sauran mutane, kuma haɗarinsa shi ne kowa zai ce ai nata ne ya tashi.

Na farkon abin da ba a kwana da shi shi ne ciwon da ya faɗo kwatsam kamar an sara mata gatari a ƙeya, ya kai ƙarshen tsananinsa a cikin minti ɗaya. Maigiren ba ya zuwa haka. Wannan yana iya zama jijiyar jini ce ta fashe a cikin kai, kuma ko da ya lafa bayan awa ɗaya sai an tafi, domin ƙaramar ɓarakar farko takan zama gargaɗin babbar da ke tafe.

Na biyu, wanda ya fi shafar inda kake zaune, shi ne ciwon kai tare da zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Sakkwato tana cikin yankin da sanƙarau ke yi wa zuwan shekara-shekara, daga hunturu har zuwa faɗuwar ruwa, kuma ya fi ƙamari a bazara. Manya ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, sannan ta 2017 ta yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato. Abin da ke ruɗa mutane shi ne sanƙarau ma yana sa ƙin haske da amai, daidai da maigiren. Bambancin yana ga zafin jiki da wuya: ka ce ta sunkuyar da kai haɓarta ta taɓa ƙirji, idan ta kasa ko ciwo ya hana ta, ga kuma zazzaɓi, to a tafi a daren, domin wannan cuta tana iya kashe mutum a cikin yini guda. Haka kuma zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, wanda ke zuwa da magagi da sambatu ko jijjiga.

Na uku shi ne alamun shanyewar ɓarin jiki, kuma a nan ake bukatar natsuwa, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na masu maigiren suna da wata alama da ke riga ciwon zuwa. Sukan ga walƙiya ko zane mai lanƙwasa yana rawa a gefen ido, ko su ji tsirawa kamar tafiyar kiyashi ta fara daga yatsu ta hau hannu ta kai leɓe. Wannan alama tana yaɗuwa ne sannu a hankali, ta ɗauki minti 5 zuwa 60, ta wuce. Shanyewar jiki kuwa lokaci guda take sauka, kuma rashi take kawowa: hannu ya mutu, baki ya karkace, magana ta sarƙe, gani ya ɗauke. Idan alamar sabuwa ce gare ta, ko ta wuce awa ɗaya, ko akwai raunin hannu ko ƙafa, kada ka tsaya tantancewa da kanka. Ka haɗa da waɗannan ciwon kai bayan faɗuwa ko haɗarin mota, da suma ko jijjiga, da ido ɗaya da ya yi ja yana ciwo gani na dushewa. Mai sikila da mai ƙanjamau da mai hawan jinin da bai daidaita ba, su kam ko ƙaramin canji ya isa dalilin tafiya.

Da likita ya ce maka babu komai, nufinsa babu ɗaya daga cikin waɗannan, kuma wannan labari ne mai daɗi ko da ya ci maka kuɗin mota. Ka yi magana da wani maƙwabci mai abin hawa tun yanzu da rana tsaka, ka ajiye lambarsa da ɗan abin da za ka kama a hannu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar agajin gaggawa, amma kai ma ka san magani da gwaji galibi sai an biya kafin su fito.

Tambaya: Likita, ina da cikin wata bakwai. Da ma ina da ciwon ɓarin kai, amma tun da na samu cikin ya yi sauƙi, sai ga shi kwana biyu ke nan ya dawo, ina ganin wasu taurari, ƙafafuna kuma sun kumbura. Surukata ta ce in sha maganina na da in kwanta. *Wata mai juna biyu, Maraɗi.*

Amsa: 'Yar'uwa, wasiƙarki na amsa ta kai tsaye ranar da ta iso, ina maimaita amsar a nan ne domin sauran mata. Ki tafi asibiti yau a auna jininki a gwada fitsarinki, kuma ɗakin haihuwa za ki nufa, domin su ne suka fi sanin wannan. Gaskiya ne maigiren yakan yi sauƙi ga mata da yawa bayan watanni ukun farko na ciki, don haka dawowar ciwon kai mai tsanani bayan mako na 20, tare da ganin taurari da kumburi, hawan jinin masu ciki ne har sai awo ya nuna ba shi ba. Idan awon ya kai 140 bisa 90 akwai magana, idan ya kai 160 bisa 110 kwanciya ce babu jinkiri, domin matakin da ke biye shi ne jijjiga, wadda ke cin uwa da ɗa. Akwai allurar maganiziyam da ake yi domin tare ta, kuma tana aiki idan an zo da wuri.

Ki gaida Hajiya, ki faɗa mata cikin ladabi cewa maganinki na da yana iya zama haramtacce a yanzu. Cafergot da duk mai sinadarin agotamin ba a shan su da ciki ko kaɗan, ibufurofen da dikulofenak ma ana guje musu a watannin ƙarshe. Farasitamol shi ne na farko, sauran sai da izinin likita. Wannan gargaɗi bai ƙare da haihuwa ba: ciwon kai mai tsanani a cikin kwana arba'in na jego, kada a jingina shi ga wankan ruwan zafi ko rashin barci sai an auna jini tukuna.

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne, shekaruna 46. Shekara uku da suka wuce aka yi mini allurar fenta a wani asibiti saboda ciwon ɓarin kai da ke zuwa mini jefi-jefi, ciwon ya tafi nan take. Tun daga nan idan ya tashi sai in kira wani mai kemis ya zo shago ya yi mini, yanzu har sau uku ko huɗu a mako, ga taramadol a aljihu. Makon jiya na je sashen gaggawa na faɗi allurar da nake so, likitan ya hana ni, yana yi mini kallon ɗan ƙwaya. Ina da iyali da mutunci. Ina ruwansa da abin da ke yi mini aiki? *Wani ɗan kasuwa, Kano.*

Amsa: Alhaji, idan an yi maka kallon wulaƙanci ba a kyauta ba, domin ciwo ne ya kai ka, ba nishaɗi ba, kuma ba kai ka zaɓa wa kanka allurar farko ba. Amma hana ka da ya yi daidai ne, ni ma da hana ka zan yi, sai dai in zaunar da kai in faɗa maka dalili.

Ka duba lissafin da kai da kanka ka kawo. Shekara uku da suka wuce ciwon yana zuwa ne jefi-jefi, yau kuma sau uku ko huɗu a mako. Maganin da ke aiki ba ya barin ciwo ya ninka haka. Fentazosin, wato fenta, da taramadol da kodin duk dangi ɗaya ne, suna lulluɓe ciwon na 'yan awoyi su sa mutum barci, amma ba sa kashe tushen tashinsa, kuma idan aka yawaita su ƙwaƙwalwa takan ƙara saurin jin ciwo, har ya zama janyewar maganin daga jiki ita ce ke tayar da ciwon kai na gobe. An gudu ba a tsira ba ke nan. Likitoci suna da ma'auni a kan wannan: wanda ke shan irin waɗannan, ko Cafergot, ko sumatiriftan, ko ƙwayoyin da aka haɗa da kafin, kwana 10 ko fiye a wata har tsawon wata uku, yana cikin haɗarin ciwon kai na yawan shan magani. Ga farasitamol da ibufurofen ma'aunin kwana 15 ne. Kai ka wuce layin da nisa. Ita fenta kuma tana da nata sharrin na dabam, domin yawan yin ta a wuri ɗaya yana sandarar da tsoka ya bar gyambon da ba ya jin magani, kuma na ga cinyoyin da suka koma kamar itace saboda ita. Ba banza ba gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Mutanen kirki da yawa ta ƙofar ciwo suka shiga wannan rami.

Kada ka yanke su lokaci guda kai kaɗai a gida, musamman taramadol, domin jikin da ya saba yana bukatar a sauke shi mataki-mataki. Ka nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, akwai su a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ka faɗa masa adadin gaskiya ba tare da ragi ba, kuma idan ya haɗa ka da masu kula da sabon magani kada ka ɗauke shi zagi. Ina gaya maka tun yanzu cewa mako ɗaya ko biyu na farko ciwon zai ƙaru kafin ya ragu, don haka ka zaɓi lokacin da yaranka za su iya riƙe maka shago. A wannan tsakani, idan ya kai ka sashen gaggawa, ka ce musu kana da maigiren kuma kana kan barin fenta, ka nemi a ba ka irin alluran da na ambata a amsar farko. Sumatiriftan kuwa sai an auna jininka an duba zuciyarka, domin ba a ba mai ciwon zuciya ko mai hawan jinin da bai sauka ba.

Tambaya: Likita, sau huɗu ana kai ni sashen gaggawa a bana, amma ba a taɓa yi mini hoton ƙwaƙwalwa ba. Kawuna ya ce in matsa a yi, ko da ƙari ne a kaina. *Wata ɗaliba, Jos.*

Amsa: Ƙanwata, hoton siti-sikan ba ya nuna maigiren, kan mai maigiren da na mai lafiya iri ɗaya suke fitowa. Ana gane ciwon ne daga labarinsa da kuma gwajin da likita ke yi da hannu, lokacin da ya haska idonki, ya sa ki matse yatsunsa, ya sa ki taka a kan layi. Idan ciwon bai canza kama ba shekara da shekaru, wannan gwaji kuma ya fito daidai, hoton kashe kuɗi ne da shan tururin na'ura a banza. Ana yin sa ne idan akwai ɗaya daga alamun da na lissafa wa magidancin Sakkwato, ko ciwon yana ƙaruwa mako bayan mako, ko yana tsananta da tari da sunkuyo, ko ya fara sabo bayan shekara 50.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne sau huɗun nan. Sashen gaggawa kashe gobarar ranar kawai yake yi, kuma duk zuwa sabon likita za ki tarar wanda bai san ki ba. Wadda ciwo ke kayar da ita kwana huɗu ko fiye a wata ta cancanci maganin rigakafi na kullum, irin su furofuranolol ko amitiriftilin, waɗanda ba su da tsada, sai dai sukan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin a yanke hukunci a kan amfaninsu, kuma mai asma ba ta shan na farkon. Wasu kamar balfurowet da tofiramet suna cutar da ɗan tayi, don haka likita zai tambaye ki batun aure da haihuwa, kada ki ji kunyar amsawa. Idan kina ganin walƙiyar nan kafin ciwon, ki faɗa masa tun kafin a kai ga maganar ƙwayar tsarin iyali, domin mai sinadarin istirojin ba ta dace da ke ba.

Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar da ciwon ya zo, da awoyin da ya ɗauka, da abin da kika sha, da ranar al'adarki, da ko kin tsallake abinci ko kin raba dare kina karatu. Bayan wata biyu ki kai shi asibitin rana, ba na dare ba, ki nemi a ba ki ranar ganin likitan jijiyoyi, ki kuma tafi da kawun naki ya ji bayanin hoton daga bakinsa.